Tambayi Likita: "Na ga mace da fararen kaya a tsakiyar titi, yaron motata bai gan ta ba"

Tambaya: Likita, ina shan Piriton saboda mura. Zan iya tuƙi zuwa Kaduna da dare? Daga Tudun Wada.

Amsa: A'a. Piriton yana saka gyangyaɗi. Ka ba wani makullin, ko ka ɗaga tafiyar.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni direba ne daga Sabon Gari, ina jigilar kaya tsakanin Zariya da Kano. Wajen ƙarfe uku na dare, bayan na wuce Tashar Yari, na ga mace da fararen kaya a tsakiyar titi. Na kauce har na kusa faɗawa rami, amma yaron motata ya rantse bai ga kowa ba. Sau biyu ke nan. Abokan aiki sun ce aljana ce, wani ya ba ni turaren hayaƙi, wani ya ce in riƙa shan Tramol don idona ya bushe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara kiyayewa. Ban ƙaryata ka ba, na yarda ka gani. Addu'ar tafiya kuma kar ka bar ta. Amma ka faɗa wa kanka gaskiya: awa nawa ka yi barci kafin ka hau motar nan?

Ƙarfe biyu zuwa biyar na dare shi ne lokacin da jikin ɗan Adam ya fi neman barci. Idan aka hana ƙwaƙwalwa, sai ta riƙa satarsa na 'yan daƙiƙoƙi, ido a buɗe, hannu a kan sitiyari. A wannan tsakanin mafarki yake kutsowa cikin abin da ido ke gani, sai allon hanya ko farar leda ta koma mutum, inuwar bishiya ta koma dabba. Shi ya sa kai kaɗai ka gan ta. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa 4 kenan ka shafe fiye da tsawon filin ƙwallo ba direba a motar.

Shawarar Tramol kuwa ta ɓata mini rai ƙwarai. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, ba ya biyan bashin barci. Yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana sa ruɗewa da gane-gane, kuma in ya kama mutum da wuya ya sake shi. Wanda ya ba ka wannan shawara, zai hau motar da direbanta ke jijjiga? Haka gadagi da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi tun 2018. Hayaƙi a rufaffiyar mota kuma yaji zai sa wa idonka ya ƙara maka jiri.

Na san tsayawa a daji da dare yanzu ba abin wasa ba ne. To ka tsara tafiyarka: ka yi barcin awa 7 kafin tashi, ka ɗau mai canjin ka, in hamma ta fara yawa ka tsaya a gari mai jama'a ko gidan mai ka rintsa na minti 20.

Kuma ka zo asibiti, kar ka jira karo na uku. A auna suga da jini, a duba ido. In maiɗakinka ta ce kana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, ka faɗa wa likita. In kuma kana ganin abubuwan nan da rana, ko kana jin muryoyi, ko ka taɓa suma, ajiye tuƙi ka je Asibitin Koyarwa na Shika a wannan makon. Ina maimaitawa, ka je asibiti.

Tambaya: Goro da shayi mai kauri suna korar barci? Daga Samaru.

Amsa: Na ɗan lokaci kawai, barcin yana nan yana jiranka.

Tambaya: Likita, mahaifina ɗan shekara 62 yana ganin fitilun mota da zobe-zobe kewaye da su. An ce a ɗiga masa ruwan albasa. Daga Kwarbai.

Amsa: Don Allah 'yar'uwa kar a ɗiga masa komai, kar kuma a bar mai sakiyar gargajiya ya taɓa idon, makanta yake jawowa. Wataƙila yanar ido ce, aikinta a asibiti gajere ne, amma hawan jinin ido ma yakan yi haka. Ku kai Baba wajen likitan ido, ya daina tuƙin dare har a duba shi. In idon ya yi ja da ciwo da amai, ku tafi yau ɗin nan.