Na yi kuskure a hukuncin jifa, in rama wa ƙungiyar da na cuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Amurka nake zaune, bana na fara alƙalancin besbol a gasar yara 'yan makaranta. Hukuncina ba ya tsayawa wuri ɗaya: jifan da na kira sitiraik (jifa mai kyau, ya bi ta cikin iyakar da aka ware a gaban mai bugu) a farkon wasa, irinsa sai in kira shi bol (jifan da ya fita daga iyakar) can gaba, iyaye su yi ta ihu. Wani da ya daɗe a harkar ya ce in na cuci wata ƙungiya, in rama mata a jifa na gaba, an yi kunnen doki ke nan. Haka manya ke yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalarka ta farko a jikinka take. Faranti, wato alamar da ke ƙasa gaban mai bugu wadda jifa mai kyau ke bi ta samanta, faɗinsa inci 17 ne, ba ya motsi, kanka ne ke motsi. Ka tsaya a tsagar da ke tsakanin mai bugu da mai cafka, kada haɓarka ta sauka ƙasa da saman hular mai cafka, kuma ka kafe a nan kafin ƙwallo ta bar hannun mai jifa. Idan wasa ya yi nisa gwiwa takan gaji, kai ya sunkuya ba ka sani ba, sai iyakar sama da ta ƙasa su sauya maka. A filin manya ƙafa 60 da inci 6 ne tsakanin mai jifa da faranti, jifan mil 90 a awa ba ya cika rabin daƙiƙa ya iso. Bi ta da ido kawai har ta shige safar hannun mai cafka, ka ji ƙararta, ka ɗan dakata, sannan ka buɗe baki. Yawancin kuskuren sabon alƙali gaggawa ce.

Maganar ramuwa kuwa, wallahi ta ishe ni. Kullum sai na ji ta a bakin filin wasa, daga mutanen da ba su taɓa buɗe littafin doka ba amma suna koyar da sababbi. Wanda ya ba ka wannan shawara ya cuce ka. Kuskure na farko ido ne ya gaza, na biyun kai ka zaɓe shi da gangan, kuma a kan yaron da bai yi maka komai ba. Ka duba shi: ya ga ƙwallo ta fita gefe da tafin hannu guda, ya riƙe sandarsa kamar yadda aka koya masa, kai kuma ka ɗaga hannu ka ce sitiraik don kana biyan bashin wani. Gobe zai kai wa irin wannan jifa bugu, ka lalata masa ido. Mai jifa da mai bugu duk a farkon wasa suke karantar iyakokinka su ɗora dabararsu a kai. Za su iya zama da kuskure ɗaya, amma ba sa iya zama da mai awo da mudu biyu. Koci ma yana kallo. Da zarar ya gane ihu na sa ka rama, ba zai sake yin shiru ba.

Ko ba niyya ma zuciya na jan alƙali. Tun da aka fara auna jifa da na'ura an ga cewa alƙalan manyan gasa kan faɗaɗa iyaka idan an kai bol uku babu sitiraik, su tsuke ta idan an kai sitiraik biyu babu bol. Wannan jan suke yaƙa kowace rana, kai kuma a ce ka ƙara masa da hannunka? A gasar MLB, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, kyamarorin Hawk-Eye ke bin kowane jifa tun 2020, ana kuma auna alƙali da abin da suka nuna. A wannan lissafi ramuwa kuskure na biyu ce, babu gurbin da ake rubuta ta a matsayin adalci. An kuma amince daga kakar 2026 mai jifa, mai cafka ko mai bugu ya taɓa kansa ya ƙalubalanci hukunci, na'ura ta nuna wa kowa a fili.

In ka san ka kuskure, ja numfashi, gyara tsayuwarka, ka hukunta jifa na gaba shi kaɗai. Kocin da ya baro wurinsa don musu kan bol da sitiraik, doka ta hana shi. Yi masa gargaɗi, in ya ci gaba ka fitar da shi.