Katakon teburin snuka ya koɗe: in gyara ko in sayi sabo?

Tambaya: Ina da teburin snuka biyu a shagona. Katakon gefen ɗaya daga cikinsu ya koɗe, duk shatin kwalba da ƙunar sigari. Kafinta ya ce zai goge ya sa sabon folish. In biya shi, ko in tara in sayi sabo?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ba kafinta ko sisi, ɗauki ƙwallo ka buga ta a kowane gefe, duka shidan. In tana dawowa da ƙarfi, robar da ke manne da katakon tana da sauran rai. In ka ji "dim" ta mace a wurin, to ba folish ne matsalarka ba. Matasan da ke biyan kuɗin gem za su haƙura da tabo, amma gefen da ke cinye musu bugu shi zai kora su shagon maƙwabcinka. Roba da ƙyallen da ke lulluɓe da teburin su za su fara cin kuɗinka.

Sai ka leƙa ƙarƙashin gefen. Tebura masu araha da yawa garin katako ne aka matse, aka lulluɓe da siririyar leda mai zanen itace. Sanfefa tana taɓa irin wannan za ta huda shi, asara biyu ke nan. In katako ne na gaske, a gyara, musamman in shimfiɗar teburin ta dutse ce kuma ba ta tsage ba. Irin wannan tebur ban yarda ka rabu da shi saboda tabo ba.

Ka tsaya a kan aikin da kanka. A kwance kusoshin da ke riƙe da gefunan, a sa wa kowane gefe lamba don ya koma mazauninsa, a rufe roba da ƙyalle da takarda da salatif. A fara da sanfefa mai lamba 120, a gama da 220 wadda ta fi ta laushi, ana bin layin itacen. Folish kuwa siriri-siriri, shafi biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, a ɗaki rufaffe, don ƙurar hunturu in ta hau ɗanyen folish sai an sake gogewa.

Wajen lissafi, kada ka tsaya kan kuɗin kafinta kawai. Haɗa da cinikin kwanakin da teburin zai yi a kwance. Shi ya sa nake so a fara ranar Litinin, ɗaya teburin na aiki, kuma ba gab da sallah ba. Ka ba da kuɗin kaya tukuna, cikon sai an ɗaura ka gwada bugu a kowane gefe. Daga canjin da ya rage, a buga maka 'yar kanta a bango inda za a riƙa ajiye kwalabe.