Kamfani ya yi saurin fito da sabuwar na'urar gem, ko ya jira?

Ka ce idan kamfani ya ga na'urar gem ɗinsa ba ta tafiya a kasuwa, me zai hana ya jingine ta ya fito da sabuwa da wuri, yadda masu waya suke yi duk shekara. To ɗana, galibi bai kamata ba. Akwai wuri guda da nake ganin saurin ya halatta, zan zo kansa, amma fara raba gem da waya a ranka.

Mai waya ya ci ribarsa tun ranar da ka biya ka fita. Mai na'urar gem kuwa sau da yawa ba ya samun abin kirki a kan akwatin a shekarun farko, wani lokaci ma faɗuwa yake yi. Ribarsa tana cikin wasanni: duk faifan da aka saya, duk wasan da aka sauke, yana da kasonsa. Su kuma masu haɗa wasan, babba guda ɗaya yakan cinye musu shekara uku zuwa biyar, saboda haka kafin su zuba kuɗi sai sun duba gida nawa na'urar ta shiga. Ranar da kamfani ya ce ga sabuwa, ƙidaya ta koma farko. Wanda ya sayi tsohuwar bara kuma ya ji an yi masa wayo, mutum kuwa ba ya manta inda kuɗinsa ya nutse.

Ku yaran yanzu Sega suna ne kawai da kuke gani kafin wasa ya buɗe. Da can kamfanin ƙera na'ura ne, Mega Drive ɗinsu ta hana Nintendo barci a Amurka da Turai. A watan Nuwamba na 1994 suka fito da wani abu mai suna 32X, wanda ake ɗora wa Mega Drive a ka don ya ƙara mata ƙarfi. A cikin watan nan dai suka saki sabuwar na'urarsu Saturn a Japan. Kai ne mai saye, wanne za ka ɗauka? Waɗanda suka ɗauki 32X, shekara ba ta zagayo da kyau ba aka daina waiwayarsu.

Ba su tsaya nan ba. Sun sanar cewa Saturn za ta shiga Amurka a watan Satumba na 1995. Sai ga shi a watan Mayu, a taron baje kolin gem na E3 a Los Angeles, shugabansu na Amurka, Tom Kalinske, ya hau mumbari ya ce ai tuni tana shaguna, dala 399. Nufinsu su riga PlayStation ta kamfanin Sony. Amma 'yan manyan dillalai kaɗan aka bai wa kaya, sauran suka ji an raina su, har KB Toys ya daina ɗaukar kayan Sega. Masu haɗa wasa da suka yi shirin Satumba ba su gama ba, na'ura ta fito wasanninta ba su kai goma ba. A taron nan kuma wani jami'in Sony, Steve Race, ya hau ya furta "299", wato farashin PlayStation a dala, ya sauko abinsa. A 1997 babban jami'in Sega na Amurka, Bernie Stolar, ya fito fili ya ce Saturn ba ita ce makomarsu ba, alhali babu abin da za su ba mutanen Amurka a madadinta sai bayan shekara biyu. Kamar manomin da ya ga geronsa bai yi kai da wuri ba, ya tuge ya sake shuka, ya sake tugewa, damina kuwa ba ta jiransa.

Da Dreamcast ta zo, 1998 a Japan, 1999 a Amurka, na'ura ce mai kyau ƙwarai, har da abin shiga intanet a jikinta. Amma an riga an daina yarda da su. Kamfanin EA, masu wasan ƙwallon FIFA a lokacin, ko wasa ɗaya ba su yi mata ba. A Janairun 2001 Sega ta sanar ta bar ƙera na'ura. Saturn da Dreamcast kowacce wajen miliyan 9 ta sayar, PlayStation ta farko kuwa ta haura miliyan 100.

Ba zan ce maka sauri ya haifi nawa in yi shiru ba, domin labarin Microsoft ya ɗan bambanta, kuma shi ne ya fi shafar aikinmu na gyara. Xbox ta farko ta fito a 2001, ta sayar da miliyan 24, asara suke yi a kanta. Shekara huɗu kacal, a Nuwamban 2005, suka saki Xbox 360, suka riga PlayStation 3 (PS3) da shekara guda cur. Ta fuskar kasuwa dabarar ta ci, don 360 ta haura miliyan 80. To amma buɗe cikinta ka ga kuɗin da aka biya.

Ka san yadda babban aisi (IC, ƙwaƙwalwar da ke manne a allon na'ura) yake zaune: ƙananan ƙwayoyin dalma ne a ƙarƙashinsa, waɗanda ido ba ya rabe su sai da madubi. A kunna na'ura su yi zafi su buɗe, a kashe su huce su tsuke. Yau haka, gobe haka, wata rana ɗaya ta tsage. Abin da ya riƙa faruwa ke nan da aisin hoto na 360 ɗin farko-farko, sai jajayen fitilu uku su kama a kewayen madannin kunnawa, na'ura ta ƙi tashi. Har mutane suka ƙirƙiro wata dabarar banza, su naɗe ta da tawul su bar ta a kunne ta gasu, ta tashi na kwana biyu ta sake kwantawa. Kada in taɓa ganin ka yi wa kayan mutane haka. A Yulin 2007 Microsoft da kanta ta amsa matsalar, ta mayar da garanti shekara uku, ta ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara. A nawa ganin, irin wannan ciwon lokaci ne kaɗai yake tona shi. Sai an kunna an kashe sau dubbai a ɗakin gwaji kafin ya nuna kansa, wanda yake tseren riga wani kuwa ba shi da waɗannan watannin. Microsoft ta tsira ne don aljihunta mai zurfi ne. Da Sega ce, a nan za a yi mata sallah.

Inda saurin ya halatta shi ne idan na'urar ta riga ta mutu, kowa ya sani. Wii ta sayar da sama da miliyan 100, sai Nintendo ta biyo ta da Wii U a ƙarshen 2012, ta tsaya a miliyan 13 da rabi. Da yawa ma sun ɗauka wani sabon hannu ne na tsohuwar Wii. A Maris na 2017 suka fito da Switch, shekara huɗu da 'yan watanni. Amma dubi yadda suka yi. Tun 2015 suka faɗi cewa wata na tafe, suka tattara ma'aikatansu suka shirya wasanni. Sabon wasan Zelda ya fito ranar farko, kuma sun ba masu Wii U shi ma, ba su watsar da su a hanya ba. Mario Kart 8 da ya maƙale a na'urar da ba kowa ke da ita ba, suka gyara shi suka kawo, ya sayar da sama da miliyan 60. Da Switch ta karɓu kuwa, shekara takwas suka zauna a kanta, sai Yunin 2025 Switch 2 ta fito, ita ma tana cin yawancin wasannin tsohuwar.

Sony kuma ta bi ta tsakiya: PS4 a 2013, PS4 Pro a 2016, wasa iri ɗaya, mai son ƙarin kyan hoto ya ƙara kuɗi. Ba wanda ya ji an bar shi a baya.

Mu a nan, abin da ake yankewa a Tokiyo ko Amurka sai ya yi shekaru kafin ya iso teburinmu. PS2 ta fito a 2000, ba a daina ƙera ta ba sai wajen 2013, shi ya sa har gobe kake samun kayan gyaranta a arha, masu gidan gem na unguwa kuma suna cin abinci da ita. Na'urar da aka kashe da wuri, kayanta ma da wuri suke ɓacewa. Idan mai gidan gem ya zo neman shawara yana zumuɗin sabuwa, tambaye shi ko ƙwallon da yaransa suke bugawa ba ya tashi a wadda yake da ita. In yana tashi, ya riƙe kuɗinsa, ya bari zubin farko ya wuce, a gyara abin da za a gyara.

Kai kuma ka koyi gane zubi kafin ka sa sukundireba. In aka kawo maka 360 ta hannu, juya bayanta ka karanta takardar da ke manne, wajen da aka rubuta 12V. In ka ga 16.5A, zubin farko ce, ka gaya wa mai ita gaskiya kafin ka karɓi kuɗinsa. In 14.2A ce, da sauƙi. Mai 12.1A ita ce wadda ake kira Jasper, ta ƙarshen 2008, ita za ka iya saya wa shago hankali kwance.