Takardar ɗaukar aiki ta ƙi buɗewa a wayata, laifin wayar ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga Ƙauran Namoda. Na gama bautar ƙasa ina ta neman aiki, sai ga saƙon imel cewa an ɗauke ni, da takardar PDF a maƙale. Da na buɗe sai rubutun ya fito dishi-dishi, da wani shuɗin maɓalli a tsakiya mai cewa sai na sauke wata manhaja kafin in iya karantawa. Mai gyaran waya ya ce wayata ce ƙarama, in kawo ya sa mini manhajar. Kwana uku aka ba ni in amsa, gobe ne na ƙarshe, hankalina kuma a tashe yake. Haka nan takardun da nake saukewa daga imel ban san inda suke shiga ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo aiki mai albarka. Kada ka taɓa wannan maɓalli, kada kuma ka kai wa mai gyaran nan wayarka, domin lafiyarta ƙalau. Takardar ta riga ta buɗe. Dishi-dishin da ka gani shi ne duk abin da ke cikinta: hoto ne aka dusashe da gangan aka ɗora masa maɓalli, babu wata wasiƙa a ɓoye a bayansa.

Wannan ita ce gurguwar fahimtar da nake fama da ita kusan kullum a nan Gusau, wato ɗaukar cewa duk fayil ɗin da ya ƙi fitowa laifin waya ne, don haka duk abin da ya nema sai a ba shi. Manhajar Gmail tana nuna PDF da hoto da kanta, ko a ƙaramar Itel ce, kuma babu takardar kirki da ke zuwa da sharaɗin a girka mata manhaja ta musamman. Dalilin wannan kewaye-kewaye shi ne Gmail ba ya yarda a maƙala fayil ɗin girka manhaja, wato mai ƙarshen .apk ko .exe, a saƙo, ko da an cusa shi cikin zip, wato ƙunshin fayiloli. Da ƙofar ta rufe sai ɓarayin suka koma taga: su turo PDF mai tsabta wanda zai wuce bincike, su dasa mahaɗi a cikinsa, kai da kanka ka je ka ɗauko musu abin da aka hana su kawowa. Android ma zai tsayar da kai ya tambaye ka ko ka amince a girka manhaja daga wajen da ba a sani ba, to a nan ne mai gyaran zai danna amincewa cikin ƙwarewa, ya karɓi ladansa, ya miƙo maka waya yana murmushi.

Da zarar manhajar ta zauna a waya, izinin karanta saƙon tes take fara nema, domin ta nan banki ke turo lambar sirrin da ke tabbatar da fitar kuɗi. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini wayarta tana cewa alat ya daina shigo mata. Na duba jerin manhajoji, sai ga wata mai farin tambari babu ko suna, tana da izinin tes da na lambobin mutane. Kuɗin adashin matan unguwarsu ne a asusun, kuma kafin ta zo wurina an riga an kwashe. Da na tambaye ta wa ya sa mata, ta ce yaron shago ne, don takardar tallafi ta buɗe. Abin da ke ba ni haushi ke nan. Mutum ya iya canza gilashi da bakin caji, shi ke nan ya zama likitan komai, ba zai taɓa cewa ka je wurin wanda ya fi shi sani ba, maganinsa biyu ne kacal, ko a sa manhaja ko a wanke waya gaba ɗaya. Wani salon kuma ba manhaja zai ba ka ba, shafi zai buɗe maka mai kama da na Google sak, ya ce ka sake shigar da kalmar sirri don ganin takarda. Kana cikin imel ɗinka, me zai sa a sake tambayarka mabuɗinsa?

Wa'adin kwana ukun ma cikin tarkon yake, don kada ka sami sararin yin shawara. Ka taɓa sunan wanda ya aiko saƙon, cikakken adireshinsa zai bayyana. Adireshin hukumomin gwamnati a Najeriya yana ƙarewa da .gov.ng, saboda haka ma'aikatar da ta rubuto maka daga adireshin Gmail na kyauta abar tuhuma ce. Ka kuma tambayi kanka ko ka taɓa neman aiki a wurin. Idan ka nema, ka tuntuɓe su ta lambar da ke shafinsu, ba wadda ke cikin saƙon ba. Idan kuwa an riga an girka manhajar, ka kashe data nan take, ka cire ta, ka kira bankinka a rufe asusun na ɗan lokaci, sannan ka canza kalmar sirrin imel daga wata wayar dabam.

Batun takardun da ke ɓace maka mai sauƙi ne. Taɓa fayil leƙawa ce kawai, ba ajiya ba. Sai ka danna kibiyar da ke kallon ƙasa sannan zai sauka a jakar Download, wadda za ka samu cikin manhajar Files ko File Manager. Alamar nan mai kusurwa uku kuwa Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, take kai shi, kuma can ya fi dacewa da takardun makaranta, tun da ko waya ta faɗa ruwa suna nan. Ka riƙa sauya musu suna da zarar sun sauka.

Akwai abin da ya shafi mai neman aiki kai tsaye. Gmail ba ya aika abin da ya haura megabait 25 a maƙale, sai ya mai da shi mahaɗin Drive. Sannan gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, Gmail da Drive da Photos ne ke rabonsa, kuma idan ya cika sabon saƙo ba ya shigowa, har da na wanda zai kira ka ganawa da gaske. Ka rubuta has:attachment larger:10M a wurin bincike, manyan saƙonni za su fito, ka goge marasa amfani. Bayan nan ka shiga kwandon shara ka zubar da su, domin suna zama a can kwana 30 suna cin wuri kafin su tafi da kansu.