Amsa ga Iliya kan yadda ake gane mu'ujiza ta gaskiya

Iliya ɗana,

Saƙonka ya iso. Ka ce surukarka ta je taron farkawa, mai wa'azi ya ɗora mata hannu ya ce ciwon suga ya tafi, ta dawo ta zubar da magani. Abokinka ɗan Katolika ya ce ba a kiran abu mu'ujiza sai an bincika, maƙwabcinka ɗan Fentikos ya ce binciken kansa rashin bangaskiya ne, kai kuma kana son sanin al'adar ikkilisiya.

Kafin mu shiga maganar ɗariku, ku kai ta asibiti gobe da sassafe, kafin ta karya kumallo, a auna jininta. In awon ya kai 126 ko ya wuce, ko 7 a ɗaya ma'aunin, ciwon yana nan. Akwai kuma gwajin HbA1c mai nuna yadda sugan ya kasance cikin wata uku, shi ya fi ba da gaskiya. Ciwon suga da hawan jini suna ɓarna a ɓoye, mutum yana jin garau alhali ƙoda da ido suna lalacewa.

Maƙwabcinka ya yi kuskure da ya ce bincike rashin bangaskiya ne. A Luka 17, Yesu ya aiki kutare goma su je su nuna kansu ga firistoci. Firist a lokacin shi ne mai duba cutar fata. Ka karanta Littafin Firistoci sura 13: yana keɓe mutum kwana bakwai, ya sake dubawa, in da shakka ya ƙara wasu bakwai. Ubangiji da kansa ya tura waɗanda ya warkar wurin mai bincike. Gurgun da Bitrus da Yahaya suka tayar a ƙofar Haikali ya haura shekara 40, kowa a Urushalima ya san shi a wurin bara. Makahon Yahaya sura 9 har iyayensa aka kira suka tabbatar da cewa haka aka haife shi.

Katolika sun fi kowa tsauri a nan, kuma a ganina sauranmu muna da abin koyo. Ma'auninsu ya fito daga Prospero Lambertini, wanda ya zama Paparoma Benedict na 14 a 1740. Dole cutar ta zama mai tsanani, kuma likita ya tabbatar da ita tun kafin addu'a. Kada ta kasance irin wadda ke tafiya da kanta, kada kuma a samu maganin da za a ce shi ya yi aikin. Warakar ta zo farat ɗaya, ta zama cikakkiya, cutar kuma kada ta dawo. Sharaɗin ƙarshe shi ke kayar da mafi yawan labarai, domin shekaru ake jira. A Lourdes ta ƙasar Faransa, inda 'yan Katolika ke zuwa neman waraka, akwai ofishin likitoci tun 1883, kuma likitan da ba Kirista ba ma yana iya zama a duba takardu da shi. An kai musu rahoton waraka fiye da 7,000, amma waɗanda ikkilisiya ta amince mu'ujiza ce saba'in ne da 'yan kai. Ka lura da rabon aikin: iyakar likita ya ce ilimin yau bai iya bayyana abin ba, bishop ne ke furta kalmar mu'ujiza. A Roma ma, kafin a ɗaukaka wani zuwa matsayin tsarkaka, kwamitin likitoci bakwai ke zama, kuma bisa dokar 2016 sai biyar cikinsu sun yarda. Irin wannan binciken likitoci aka yi kafin Paparoma John Paul na biyu ya ayyana Fada Tansi, firist ɗan Najeriya, mai albarka, wato matakin da ke kafin na tsarkaka, kusa da Onitsha a 1998.

Mu a ECWA da COCIN da EYN da Baptis ba mu da irin wannan ofis. Abin da muka gada shi ne Yakubu 5:14: mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya, su shafa masa mai, su yi addu'a. A ɗaki ake yi, ba ganga ba kyamara, kuma ba a hana shi asibiti. Mishan ɗin da suka kawo mana bishara su ne suka gina asibitin Vom da na Garkida, ba su ga saɓani tsakanin addu'a da allura ba. Mu koyarwar mai al'ajibin muka fi aunawa. Maimaitawar Shari'a 13 ta ce ko alamar ta cika, in mutumin yana janye ka daga Allah, kada ka bi shi. Matiyu 7 ta nuna akwai masu al'ajibai da sunan Yesu da zai ce bai taɓa saninsu ba. Rauninmu shi ne ba mu ajiye takarda, wani lokaci kuma tsoron ƙarya yakan sa mu daina sa rai gaba ɗaya.

'Yan Fentikos suna sa rai Allah zai warkar yau, kuma ina girmama wannan. Inda matsala take shi ne shaidar nan take. Cikin kiɗa da ihu jiki yakan danne zafi na wasu sa'o'i, mai ciwon gwiwa ya yi tsalle da gaske, washegari ya kasa tashi. Bai yi ƙarya ba, gaggawar ba shi makirufo aka yi. In ciwon ya dawo sai a ce bangaskiyarsa ce ta gaza, a haɗa masa ciwo da laifi. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya ba a cire ba, ya kuma bar Tarofimas ba lafiya a Militas. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? 'Yan Otodoks kuwa ruɗin ruhaniya suke tsoro, shi ya sa wanda ya ga wahayi ake ce masa ya kai wa uban ruhaniyarsa kafin ya gaya wa jama'a.

Akwai kuma 'yan damfara zalla. Peter Popoff a Amurka yana kiran sunayen mutane da cututtukansu kamar wahayi, sai a 1986 aka gano matarsa ce ke karanta masa katin addu'ar da mutane suka cike, ta wata 'yar na'ura a kunnensa. A 2019 a Afirka ta Kudu aka nuna wani yana tashi daga akwatin gawa a gaban Fasto Alph Lukau, kamfanonin jana'izar da aka yi amfani da kayansu suka fito suka ce yaudararsu aka yi. Dabarar nuna cewa gajeriyar ƙafa ta tsawaita da addu'a kuwa, dunduniyar takalmi ake ɗan zamewa sannan a mayar a hankali. Wani mai iya takawa da sanda ake zaunarwa a keken guragu tun daga ƙofa, in ya miƙe a ce gurgu ya warke. Irin wannan ne ya sa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana nuna mu'ujizar da ba a tabbatar ba a talabijin ɗin Najeriya a 2004.

In ka ji labarin waraka, ka fara tambayar wa ya san mutumin da ciwon kafin ranar, a wace unguwa yake, ina takardar asibitinsa. Ka sake ganinsa bayan wata shida. Ka duba ko an sa farashi a kan mai, ruwa ko hankici, domin Elisha ya ƙi karɓar ko kwabo daga Na'aman, Gehazi da ya bi bayansa ya karɓa kuturta ya kwaso. Duk wanda ya ce a daina magani don a nuna bangaskiya, ka guje shi. Mai cuta mai karya garkuwar jiki da gwaji ya nuna ba a ganin ƙwayar, magani ne ya danne ta, in ya daina sha takan dawo cikin 'yan makonni. Mai tarin fuka yakan ji sauƙi tun da wuri, amma in bai cika wata shida ba cutar takan dawo da taurin kai. Haka farfaɗiya, daina magani farat ɗaya yana iya tayar da ita fiye da da.

Surukarka kuwa, kada ka yi mata gardama a gaban mutane, kunya za ta sa ta kafe. Ka bar matarka ta yi mata magana a ɗaki, ta ce mata a je a auna ne domin in Allah ya yi aikinsa a samu takardar da za a riƙe ranar shaida. In sugan ya hau, ta koma kan magani a ranar yadda likita ya tsara, ku kuma kira dattawa su zo gida su yi mata addu'a. In ya sauka, likita ne zai yanke shawara kan maganin yana aunawa. Ka turo mini sakamakon, ka gaida Rahila da yara.

Kawunka