Kada ka ɗaure yatsun tsohuwar safar nan

Ajiye basillar tukuna, ɗana, ka jawo kujera. Tun da dattijon nan ya kawo mana safar besbol, wasan ƙwallo da sanda na Amurka, ta mahaifinsa nake ganinka kana jujjuya ta. Abu biyu ka tambaye ni. Na farko, ko ka huhhuda yatsun ka ɗaure su da igiyar fata kamar na yanzu, don ta fi riƙe ƙwallo. Na biyu, ka ce in da irin wannan 'yar abar mutanen dā suka yi wasa, ta yaya tsofaffin unguwar nan suke rantsuwa cewa ba a taɓa yin mai tsaron bayan fili kamar Willie Mays ba, alhali kullum kana ganin yaran yanzu a wayarka suna tashi sama suna cafko ƙwallo daga bayan katanga.

Ta farko dai amsarta a'a. Kada ka taɓa yatsun nan. Miƙo min ita in nuna maka dalili.

Wannan ɗinkin shekarun 1930 ne. Ka ga yatsu biyar, kowanne a ware, gajeru masu kauri kamar rogo. Tsakanin babban yatsa da manuniya ɗan zirin fata ne kawai, shi ne duk ragar da take da ita. Ita ma ragar ba ta daɗe ba a lokacin: wani mai jifa na ƙungiyar St. Louis, Bill Doak, shi ya kai wa kamfanin Rawlings wannan dabara, suka fara sayar da ita a 1920. Kafin nan safa matashi ce kawai da ake sa wa tafi don kada ƙashi ya karye. Yanzu shafa nan, inda fatar ta yi baƙi ta yi sulɓi. A tsakiyar tafi ne, ko ba haka ba? A nan ƙwallo take sauka, sai mutum ya yi maza ya rufe ta da ɗaya hannun, in ba haka ba ta tsalle ta fice. Hannu biyu ake kamu da wannan. Ɗauko waccan da yaron makaranta ya kawo jiya ka gwada su. Tsawonta ya doshi inci 13, yatsun a ɗaure suke wuri guda, tana da kwarmi mai zurfi, kuma a gindin tafin akwai lanƙwasa da ke sa ta rufe da kanta kamar bakin kada. Wannan fasali ya bazu ne bayan Wilson sun fitar da samfurinsu na A2000 a 1957. Inda ta goge kuwa can sama ne, a gindin raga, wurin da babu naman hannu ko kaɗan. Mai wannan zai miƙa hannu ɗaya yana cikin gudu ya tsinko ƙwallon da mai waccan sai dai ya bi ta da ido. In ka ɗaure yatsun tsohuwar, ba ta zama sabuwa ba, kuma ka share shaidar yadda mai ita ya yi wasa. Ɗansa wannan baƙin tabon ya zo nema.

Har ma da yadda ake riƙon ta ya bambanta. Kafin 1954, in an gama zagaye za a shiga bugu, 'yan wasa yar da safarsu suke yi a kan ciyawa su wuce, sai sun dawo su ɗauka. Rana ta buge ta, raɓa ta jiƙa ta, abokin hamayya ya taka ta. Shi ya sa irin waɗannan suke zuwa mana a bushe kamar ƙirgi.

To, mu zo kan ta biyun, don ita ce mai nisa.

Masu gardama da lissafi suke fara zuwa, kuma lissafin tsaron fili yana da ha'inci. Ɗauki kuskure. Akwai wani ma'aikaci da ke zaune sama da littafi, in ƙwallo ta taɓa safarka ta faɗi sai ya rubuta maka kuskure. Amma wanda nauyin ƙafa ya hana shi isa wurin ma, ƙwallo ta faɗi taku uku a gabansa, ba a rubuta masa komai. Ka ga mai himma ya kwashi laifi, malalaci ya fita da farar takarda. Haka jifa. Ana ƙirga sau nawa ka jefo ƙwallo aka kashe mai gudu, wato ƙwallo ta riga shi isa zango, inda masu gudu ke tsayawa, aka fitar da shi. Amma in an san hannunka, wa zai gudu? Roberto Clemente, mutumin Puerto Rico da ya tsare ɓangaren dama na Pittsburgh, yakan ɗauko ƙwallo daga lungun katanga ya juya ya aika ta zango na uku ba ta taɓa ƙasa ba. Masu gudu da yawa suka koyi tsayawa a zango na biyu da zarar sun ga ƙwallo ta nufi wajensa. Wannan tsayawar da tsoro ya sa su, babu shafin da aka rubuta ta, kuma ita ce rabin amfaninsa.

Yawan kamu ma haka. Mays ya kama ƙwallo 7,095 a bayan fili, har yau babu wanda ya kai shi. Amma a zamaninsa akwai Richie Ashburn na Philadelphia, wanda sau tara yana fin kowa yawan kamu a rukuninsu, a 1951 kaɗai ya kama 538. Ashburn gwani ne, ban rage masa komai ba. Sai dai babban mai jifan ƙungiyarsa, Robin Roberts, irin jifansa yana sa a riƙa buga ƙwallo sama, ita kuwa ƙwallon da ta tashi sama wurin na bayan fili take zuwa. Wanda aka fi aiko wa kaya shi zai fi sauke kaya. A yau kuma ana yawan fitar da masu bugu ba tare da sun buga ƙwallo cikin fili ba, fiye da yadda ake yi a dā nesa ba kusa ba, don haka yaron yanzu ko ya fi barewa gudu ba zai samu aikin da Ashburn ya samu ba.

Koma baya ka ga Tris Speaker, wanda ya yi wasa daga 1907 zuwa 1928, galibi a Boston da Cleveland. Sau 449 ya jefo ƙwallo aka kashe mai gudu, ba a kuma yin irinsa ba. Me ya sa? A yawancin shekarunsa ƙwallo ɗaya ake ta bugu har ta yi laushi ta yi baƙi, ba ta tafiya nesa, sai ya riƙa tsayawa kusa-kusa, dab da bayan zango na biyu, har yakan kama ƙwallo ya ruga da ƙafarsa ya taka zangon kafin mai gudu ya komo. A 1920 jifa ta sami Ray Chapman a ka ya rasu, ɗan ƙungiyar da Speaker ɗin yake jagoranta, daga nan aka dage da canza ƙwallo da zarar ta yi datti. A shekarar ce kuma Babe Ruth ya fitar da ƙwallo waje sau 54. Farar ƙwallo mai tauri ta tura kowa baya. Wanda ya tsaya yau inda Speaker yake tsayawa, ta kansa za a yi ta wucewa.

Kai da kake bi ta titi na 155 in za ka Harlem a nan New York, dogayen gidajen nan da ke bakin kogi, a nan filin Polo Grounds yake kafin a rushe shi a 1964. Fili ne mai siffar kwami, gefe da gefe kusa, tsakiya kuwa ƙafa 483 daga wurin bugu. A nan, ranar 29 ga Satumba 1954, aka yi wasan farko na gasar ƙarshe tsakanin Giants, ƙungiyar Mays, da Cleveland, wadda ta ci wasa 111 a kakar nan. Zagaye na takwas, biyu da biyu, Larry Doby yana zango na biyu, Al Rosen yana na farko, ba a kashe kowa ba. Vic Wertz ya narka wa ƙwallo sanda ta nufi tsakiya, bugun da a filaye da yawa waje zai fita. Mays, yana ɗan shekara 23, ya juya wa wurin bugu baya ya zura da gudu, ƙwallo ta zo ta saman kafaɗarsa ta faɗa cikin safa fiye da ƙafa 400 daga inda aka buge ta. Wannan kowa ya gani a hoto. Abin da nake so ka kalla in ka sake buɗe hoton shi ne abin da ya biyo baya: ya taka birki, ya juya, ya wurgo ƙwallo cikin fili da ƙarfin da ya kayar da shi, hularsa ta yi nata wuri. A fili mai zurfin nan, mai gudu daga zango na biyu yana iya zagayowa har gida, wato wurin bugu, ya ci maki bayan an kama. Doby bai wuce na uku ba. Tun yana gudu baya ya riga ya san inda Doby yake da inda zai jefa. Giants suka ci 5 da 2 a zagaye na goma, suka kuma share sauran wasanni ukun.

Yanzu fa akwai awo na gaskiya. Tun 2015 aka kafa na'urorin Statcast a duk filayen manyan ƙungiyoyi 30. Suna auna tsawon lokacin da ƙwallo ta yi a sama, da nisan da mutum zai ci, da ko gaba zai yi ko baya, su faɗa maka cikin ɗari sau nawa ake kama irinta. Har tazarar da ya ci ta hanyar da ta dace a daƙiƙa ukun farko suna aunawa. Ina jin daɗin wannan awo, don ya tabbatar da abin da tsofaffin masu horarwa suka daɗe suna faɗa, cewa a takun farko ake kamun. Tsallen nan da faɗuwa rub da ciki da kake gani a waya, sau da yawa biyan bashin taku ne da aka makara. Gwanin gaske yana tsaye yana jiran ƙwallon da wani zai yi mata alkafura. Andruw Jones na Atlanta, ɗan tsibirin Curaçao, haka yake, kamar an raɗa masa inda za ta sauka. Sai dai na'urar ba ta ga Jones a ganiyarsa ba, balle Mays, balle Speaker. Mudu ne mai kyau, amma hatsin bana kawai yake aunawa.

Kyautar Safar Zinare ma, wadda Rawlings suka fara bayarwa a 1957, ba ta raba gardama. Mays yana da 12, Clemente 12, Jones 10, Ken Griffey ƙarami 10. Amma kafin a ƙirƙiro ta Mays ya riga ya yi shekaru yana wasa, kamun 1954 ɗin ma ya riga ta. Speaker ko ɗaya ba shi da ita, don ya bar wasa kusan shekara 30 kafin a fara.

Akwai kuma abin da ke ci min rai duk sanda aka ɗauko wannan zance. Fiye da shekara sittin, har zuwa 1947 da Jackie Robinson ya shiga Brooklyn, baƙar fata ba ya wasa a manyan ƙungiyoyin Amurka. Suna da nasu rukunin daban. A can Oscar Charleston ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsaron tsakiya, kuma waɗanda suka gan shi sun sa shi sahu ɗaya da Speaker. Ba a bar su sun yi kaka ɗaya a rukuni ɗaya ba. Mays kansa a can ya fara, a Birmingham Black Barons a 1948, yana ɗan shekara 17. Da an haife shi shekara ashirin kafin haka, da sunansa ma ba ka ji ba. Sai a 2024, shekarar da ya rasu yana da 93, aka haɗa lissafin rukunonin baƙaƙen cikin babban littafin manyan ƙungiyoyi. Duk wanda ya ce maka wane ya fi kowa a 1920, tambaye shi wa da wa aka bari suka shiga fili.

Irin gardamar da kuke yi ce da yamma a kan Pele da Messi. Ni da na ɗinka tsohuwar tamaula ta fata na san yadda take shan ruwa ta yi nauyi. Katin gargaɗi da na kora ma sai a gasar duniya ta 1970 aka shigo da su, bayan an sassare ƙafar Pele a Ingila a 1966. Jesse Owens a Berlin a 1936 kan turbar toka ya yi gudu, da ɗan cebur ya haƙa ramin da zai dasa ƙafarsa. A filin nan dai Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009, a kan roba.

Ni ga yadda nake aunawa. Ba na ɗauko mutum daga zamaninsa in jefa shi cikin na wani. Ina duba tazarar da ya ba waɗanda suka sa safa irin tasa, suka bi ƙwallo irin tasa, sannan in duba shekara nawa ya riƙe wannan tazara. A hannu, Clemente nake ba. In shekara biyar ko shida na ganiya za a ware, Jones zai tsaya da kowa, amma jikinsa ya yi nauyi da wuri, yana haura talatin abin ya zube. Mays kuwa ya yi a kwamin Polo Grounds, ƙungiyar ta koma San Francisco a 1958 daga 1960 ya yi a filin Candlestick, inda iskar teku take karkatar da ƙwallo tana sama, ya fara da ƙaramar safa ya gama da babba, kuma yana ɗan shekara 37 aka ba shi kyautarsa ta goma sha biyu. Shi nake zaɓa, ba don tsofaffi sun faɗa ba.

Tashi ka samo tsumma mai ɗan danshi ka goge ƙurar a hankali, kada ka jiƙa ta. Mai kuwa ɗan kaɗan a yatsa, ka murza ya shiga, ka bar ta ta kwana. In ka malala mata za ta yi nauyi, cikin ya ruɓe. Zirin ragar ne kaɗai za mu canza, ka yanko igiya siririya daga jar fatar sāniyar nan, ka bi tsofaffin hudojin yadda suke, kada ka ƙara ko ɗaya. Tsohon zirin da ka cire ka sa shi a ambulan, mu ba dattijon tare da safar ranar Alhamis.