Mai aikin haraji ya ce in kawo takardu, me zan kai masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan gini a Kano, siminti da rodi da kwanon rufi, kuma na yi wa sunan shagon rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci. Bana na samu hanyar wata 'yar kwangilar kai kaya, aka ce sai na kawo takardar shaidar biyan haraji. Abokina ya haɗa ni da wani mai aikin haraji, shi kuma ya ce in tattaro takarduna in same shi a ofis. To ni ban da littafin bashi da alat ɗin waya ba ni da komai. Me zan kai masa? Kuma ta yaya zan tabbata ba cuta ta zai yi ba?
Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa kwangilar ta tabbata. Kwantar da hankalinka, kana da takardu fiye da yadda kake zato, a warwatse kawai suke.

Fara da sanin inda harajinka yake zuwa. Tunda sunan kasuwanci ka yi wa rajista ba kamfani ba, a idon doka kai da shagon abu ɗaya ne, harajinka na kuɗin shigar mutum ne, kuma hukumar tattara haraji ta Jihar Kano ce ke karɓa. Da kamfani ne mai "Limited", da harajin ribarsa na hukumar tarayya ne, wadda aka sani da FIRS, yanzu kuma ta koma NRS bayan sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025. Saboda haka sa takardar CAC a saman fayil, tare da lambar NIN da ta TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji, idan ka taɓa karɓa.

Sai babban aikin, wanda ba mai iya yi maka shi. Je banki ka ce a ciro maka bayanan asusunka na shekaru uku da suka wuce, domin takardar shaidar biyan haraji shekaru uku take nunawa. Kada ka tsaya kan asusu ɗaya. Wanda na'urar POS ke zubawa a ciki, da na OPay ko Moniepoint da yaron shago ke ba masu saye, duk a haɗo. In sun zo, sami biro ka zauna bayan sallar isha'i ka bi su layi-layi. Duk kuɗin da ya shigo wanda ba ciniki ba ne, rubuta bayaninsa a gefe: wannan kwasar adashi ce, wannan rance na karɓa daga yayana, wannan ajiya ce maƙwabci ya ba ni na mayar masa bayan Sallah, wannan gudummawar auren 'yata ce.

Na daɗe a kan wannan ne saboda nan 'yan kasuwarmu suke kwana ciki. Mutum ɗaya, asusu ɗaya, da shi ake sayen tirelar siminti, da shi ake cefane, da shi ake biyan kuɗin makarantar yara. Akanta bai san yayanka ba. Shi dai ya ga naira miliyan uku ta shigo ranar Talata, in babu bayani zai sa ta cikin ciniki, ka biya haraji a kan kuɗin da ba naka ba. Haka shi ma jami'in haraji zai ɗauke ta in ya zo bincike. Kuma daga yau, don Allah, buɗe wa shagon asusunsa daban.

Haraji a kan riba yake hawa, ba a kan duk abin da ya shiga aljihu ba, don haka kuɗin da ka kashe wajen neman ribar shi ma yana buƙatar shaida. Tattaro rasit da takardun sarin kaya daga dila, da kuɗin mota da na 'yan dako, da hayar shago da sito, da albashin yara, da kuɗin wuta da man janareta. Rasit ɗin POS goge kansa yake yi cikin 'yan watanni, ɗauki hotonsa da waya tun yana karantuwa. Littafin bashin da ka raina shi ma kai masa shi, shi ne zai nuna kayan da suka fita kuɗinsu bai dawo ba. Idan kuma kana ƙidaya kaya duk shekara don fitar da zakka, ka riga ka iya rabin aikin, sai dai shekarar haraji daga Janairu take zuwa Disamba, don haka sai ka ƙara wata ƙidayar a ƙarshen Disamba.

Abu biyu mutane ke mantawa, kuma duk asarar tasu ce. Idan ka taɓa kai wa ma'aikata ko kamfani kaya suka yanke wani kaso suka ce na haraji ne, nemi takardar shaidar yankan, domin ana rage shi daga abin da ake bin ka. Na biyu, idan gidan haya kake zaune, kai rasit ɗin. Sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta ba da rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, amma rangwamen ba zai wuce N500,000 ba, ta kuma ɗauke haraji daga N800,000 na farko na kuɗin shigar mutum. Wannan na 2026 ne zuwa gaba. Shekarun baya da tsohuwar doka za a lissafa su.

Batun cuta kuwa, tambaye shi kai tsaye ko ɗan ƙungiyar ƙwararrun haraji ta CITN ne, ko ta akantoci ICAN ko ANAN, ya kuma nuna maka shaida. Ƙwararre ba ya jin haushin wannan tambayar. Ku yi cinikin ladansa tun kafin ya taɓa fayil, a rubuce, kuma ladan daban, kuɗin haraji daban. Harajin kuwa, kai da kanka za ka biya ta banki da sunanka, ka riƙe rasit. Wanda ya ce ka ba shi kuɗin a hannu, yana da mutum a ciki, gobe za ka karɓi takarda ba tare da ya duba lissafinka ba, tashi ka bar masa ofishin. Masu ba da kwangila suna iya tantance takardar a wurin hukuma, in ta fito ta bogi sunanka ne a jiki, ba nasa ba.

Kada kuma ka ɓoye masa wani asusu don harajin ya yi sauƙi. Kai za ka sa hannu a fom ɗin, don haka kafin ka sa, ce ya karanta maka da Hausa: ciniki nawa ya rubuta, kashe-kashe nawa, riba nawa. In adadin bai yi kama da shagon da ka sani ba, dakata a gyara. Ba shi kwafe, asalin takardu su zauna a wurinka, ka adana su aƙalla shekaru shida.

Ranar 31 ga Maris ce wa'adin miƙa bayanan harajin mutum na shekarar da ta gabata, kuma akwai tara ga wanda ya makara. Ofisoshin masu wannan aiki cika suke yi a watan Maris, saboda haka baɗi ka je masa tun a Janairu. Na bana kuwa, faɗa masa ranar da za a rufe karɓar takardun kwangilar tun a zaman farko, ya gaya maka gaskiya ko lokacin zai isa.